Laifi Ne Mutum Ya Ce Yana So?

Shekara tara ke nan ina aikin rediyo a Maradi, kuma a cikin shekarun nan na yi hira da ƴan takara da ba zan iya ƙidayawa ba: masu neman kujerar magajin gari, masu neman zuwa majalisa, masu neman shugabancin ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta direbobi. Tun muna karatun aikin jarida a IFTIC a Yamai na saba buɗe irin wannan hira da tambaya ɗaya, wato me ya sa ka fito? Amsar ma kusan ɗaya ce kullum: "Wallahi ni ban da niyya, jama'a ne suka matsa mini." Ban taɓa samun wanda ya dubi makirufo ya ce shi ne yake so ba. Idan baƙo ya fita, ni da mai kula da na'urori mukan yi dariya, mu ce yau ma an kawo mana wani da aka matsa wa. Ban san ranar tawa tana tafe ba, kuma a kan kujerar da ko dala ba a biyan wanda ke kanta.

Muna da wata ƴar ƙungiya ta masu amfani da kwamfuta, wadda a nan muka fi kira ordinatar. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji da wata makaranta ta ara mana a unguwar Ali Ɗan Sofo. Sunaye arba'in da ƴan kai ne a littafi, amma masu zuwa a kai a kai ba su cika wuce ashirin ba: ɗaliban jami'a, malaman lakwal, masu gyaran waya, wata baiwar Allah mai sana'ar buga takardu, da ma'aikatan jinya biyu. Aikinmu ba mai wuyar bayani ba ne. Mutum ya kawo tsohuwar kwamfutarsa da ta gaji, irin waɗanda ake shigowa da su daga Kano ko Kwatano, mu sa mata Linux, tsarin nan da wani ɗalibi ɗan Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991 kuma har yau kyauta ake raba shi. Mu koya masa yadda zai rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba tare da ya maye gurbinsu da haruffan da ba su ba. Mu nuna masa yadda zai adana takardunsa kada wuta ta ɗauke da su. Ni kaina haka na shiga. Kwamfutata ce ta ƙi tashi ana gobe zan gabatar da shiri, wani ya kai ni wurinsu, suka sa mini Ubuntu da manhajar Audacity da nake yanka murya da ita har yau, suka ƙi karɓar ko sisi. Kowa yana ba da dala ɗari a wata. Dukiyarmu duka ita ce tsofaffin kwamfutoci shida, majigi ɗaya, da akwatin wayoyi.

Malam Isufu, malamin lissafi, shi ya kafa ƙungiyar kuma shi ya riƙe ta shekara takwas. Makullin aji yana aljihunsa, littafin kuɗi yana jakarsa, kalmomin sirri na duk abin da muka mallaka a intanet suna cikin kansa. Ba a taɓa zaɓensa ba, ba kuma wanda ya taɓa tunanin a yi zaɓe. A cikin hutun damina sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Tawa. Ranar da ya faɗa mana, ya ce, "To ƴan'uwa, wa zai karɓa?" Aka yi tsit. Kowa ya zuba wa butar shayi ido kamar ita aka tambaya.

Ni kuwa ina so. Wannan ita ce gaskiyar da ta sa na zauna rubuta wannan maƙala. Ina so tun kafin Malam Isufu ya rufe baki, kuma ina da dalilai da nake ganin masu kyau ne: na san mutane a gari, na iya rubuta wasiƙa da Faransanci da Hausa, na daɗe ina jin haushin yadda muke zaman jiran wanda ya zo, alhali akwai makarantu da ke da kwamfutoci jibge a ɗaki ƙura ta rufe su. Amma ban ɗaga hannu ba. Na koma gida na kwana uku ina lissafin yadda za a yi wani ya ambaci sunana. A rana ta huɗu na kira abokina Haruna, na fara kewaye-kewaye, har na ce masa, "In an sake tayar da maganar nan ranar Asabar, kai wa kake gani?" Ina cikin faɗa na ji muryata kamar yadda nake jin ta baƙina a belun kunne. Ashe haka ake haɗa "jama'a ne suka matsa mini". Waya ɗaya ce, da aboki ɗaya mai kara.

Daga nan tambayar ta kama ni, kuma har yanzu ba ta sake ni gaba ɗaya ba. Laifi ne mutum ya nemi shugabanci da bakinsa? In laifi ne, me ya sa neman sa ta bayan gida bai zama laifin da ya fi ba?

Ƙyamar da muke yi wa mai cewa yana so tana da tushe biyu, kuma babu na wasa a cikinsu. Na farko tarbiyya ce. An raine mu a kan kunya da kara. Baƙo ba ya kai hannu akushi da tayin farko, sai an nanata. Yaron da ya ce a ba shi babban yanki a gaban mutane, uwarsa za ta ji kunya kafin shi. Wanda ya tashi a haka, in ya ga babban mutum ya miƙe ya ce ni na fi cancanta, dole ya ji wani abu ya sosa masa rai. Na biyu kuwa addini ne, kuma a kan wannan na tafi wurin kawuna, wanda ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Na same shi a zaure bayan isha'i na zayyana masa komai, har da wayar da na yi wa Haruna.

Ya tuna mini abin da kowane almajiri ya sani, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi Abdurrahman ɗan Samura a kan roƙon shugabanci, ya nuna masa cewa wanda ya same shi ta hanyar roƙo akan bar shi da kayansa, wanda kuma aka ɗora wa ba da roƙonsa ba akan taimake shi. Ya tuna mini Abu Zarri, da ya nemi a ba shi wani muƙami aka nuna masa yana da rauni kuma abin amana ne. Har na fara tattara takalmana, sai ya ce, "Zauna, Mamman, ban gama ba." Ya kawo ƙissar Annabi Yusufu, wanda da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci abu biyu da yake da su, tsaron amana da sanin aiki. Ya ce malamai sun daɗe suna haɗa waɗannan biyun, kuma abin da da yawansu suka fahimta shi ne Yusufu ya yi magana ne a lokacin da yunwa ke tafe kuma babu wani da zai iya. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ban san wannan injin naku ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka yi shiru, akwai wani?"

Akwai. Sunansa Lawali, yana da ƴar rumfar gyaran waya da kwamfuta kusa da babbar kasuwa. Duk abin da ya gagare mu, gabansa muke ajiyewa. Shi ne farkon zuwa, shi ne ke naɗe wayoyi bayan kowa ya watse. Amma yana da i'ina, kuma saboda ita ba ya son magana a taro. A Asabar ta gaba Zainabu mai buga takardu ta ambaci sunansa, ya sunkuyar da kai bai ce e ba bai ce a'a ba.

Na yi ta juya maganar kawu, na ga hikimar gargaɗin a fili. Wanda yake son abu shi ne mafi munin alƙali a kan ko ya cancance shi. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Duk dalilan da na lissafa a sama gaskiya ne, amma na lura ban taɓa lissafa su ba sai da kujera ta zama babu kowa. Shekara huɗu ina cikin ƙungiyar, babu abin da ya hana ni rubuta wa makarantun nan wasiƙa da sunan Malam Isufu. Ban rubuta ba. Ke nan akwai wani abu a cikin son nawa da ba makarantu ba ne.

Mai karatu zai iya cewa, to me ake kwaɗayi a ƙungiyar da dukiyarta majigi ɗaya ce? Wanda ya san ƙasar nan ba zai yi wannan tambaya ba. Shugaban ƙungiya, kowace iri ce, shi ake aika wa takardar gayyata. Shi ke zuwa taron bita a Yamai, a biya masa kuɗin mota da na zama. Shi ke tsayawa a tsakiyar hoto. Kalmar "shugaba" tana shiga takardar neman aiki, tana buɗe ƙofar ofishin da da sai ka yi zaman benci. Na ga ƙungiyoyi da aka kafa don wannan kaɗai, biro cikakke da hatimi da takarda mai tambari, babu aiki ko na rana ɗaya. Ƙanƙantar abu ba ta hana zuciya ɗaukarsa da girma. Ni dai na san na hango kaina ina gabatar da kaina a wani taro da suna biyu, ɗan jarida kuma shugaba, kuma hoton ya yi mini daɗi.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce kowa ya kama bakinsa a jira wanda za a matsa wa. Amma na daɗe a aikin nan har na ga ɓarnar da ke cikin wannan ɗin ma.

Ta farko, al'adar jiran a matsa maka ba kowa take yi wa adalci ba. Wa ake matsa wa? Mai abokai, mai shekaru, mai suna a gari, namiji. Zainabu ta fi rabinmu sanin yadda ake riƙe littafin kuɗi, don ita ce uwar adashin unguwarsu shekara da shekaru, amma babu wanda ya yi tunanin ambatonta, har da ni. In doka ita ce sai an kira sunanka, to waɗanda ba a saba kiran sunansu ba sun fita ke nan tun ba a fara ba, kuma za a ce ai ba su nuna sha'awa ba.

Ta biyu ita ce ta fi damuna a matsayina na ɗan jarida. Wanda ya ce an matsa masa ya riga ya tanadi hanyar gudu. In abu ya lalace zai ce ai kun san ban nema ba. Ba shi da alkawarin da za a kama shi da shi, don bai yi ko ɗaya ba. Wanda kuwa ya miƙe ya ce ina so, kuma ga abu uku da zan yi kafin shekara, ya ba jama'a igiyar da za su ja shi da ita. Babu abin da ya fi mini amfani a aiki kamar tsohuwar murya da na adana, in kunna wa mai ita bayan shekara biyu in ce, ranka ya daɗe, ga abin da ka faɗa. Wanda bai taɓa cewa komai ba sai "jama'a ne", ba ni da abin da zan kunna masa.

Ta uku, shirun mutanen kirki ba ya barin kujera babu kowa. Tun zamanin Girkawa Aflatun ya lura cewa hukuncin mutumin kirki da ya ƙi mulki shi ne wanda bai kai shi ba ya mulke shi. A ƙungiyar sa-kai ma abin yakan fi haka sauƙi: ba mugu ne ke hawa ba, ƙungiyar ce ke mutuwa a hankali. A ƙauye in za a yi gayya, sai an sami wanda ya zaga gida gida ya sa rana, in ba haka ba kowa na da fartanya amma gonar ba za ta nomu ba.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba. Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993 kuma a kansa aka gina Ubuntu ɗin da ke kwamfutata, aikin ƴan sa-kai ne daga ƙasashe da dama, kuma duk shekara suna zaɓen shugaba. A 2019 lokacin tsayawa takara ya ƙare ba wanda ya fito, sai da aka ƙara mako guda kafin aka sami ƴan takara, daga bisani Sam Hartman ya ci. Mutanen da ba su san kara irin tamu ba, su ma sun zuba wa butarsu ido. Abin da ya burge ni a tsarinsu abu uku ne. A wurinsu mutum da kansa yake tsayar da kansa, ya rubuta abin da yake niyyar yi kowa ya karanta ya yi masa tambayoyi. A takardar zaɓe akwai gurbin da mai zaɓe zai nuna bai yarda da ko ɗaya daga cikin ƴan takarar ba. Sannan kundin tsarinsu ya fayyace cewa ba a tilasta wa kowa yin wani aiki. Shugaban da ba ya iya ba da umarni, ba ya iya korar kowa daga albashi don babu albashin, abin da ya rage masa shi ne roƙo da lallashi da yin aikin da kowa ya ƙi. Hausawa sun riga sun faɗa, babba juji ne. Sun bar mutum ya ce yana so, amma sun rage wa kujerar abin da za a so ta dominsa.

A nan na ga kamar bakin zaren yake. Mun ɗora dukan nauyin a kan zuciyar mai nema, muna son mu tabbatar ba ya so kafin mu ba shi, alhali zuciya ba a ganinta, kuma duk mai wayo ya iya kwaikwayon rashin so. Abin da ake iya gani shi ne ƙa'ida: shekara nawa zai yi, wa ke riƙe kuɗi tare da shi, ta yaya za a sauke shi. Gargaɗin da kawu ya tuna mini magana ce tsakanin mutum da ransa, kuma tana nan daram. Amma jama'a ba za su iya gina ƙungiya a kan karanta zukata ba.

Malam Isufu ma darasi ne, ko da yake ba na faɗin haka don rage masa daraja. Bai taɓa neman shugabanci ba, bai ci dala ɗaya ta ƙungiya ba, daga aljihunsa ma yake cikawa. Amma da ya tashi tafiya muka tarar babu wanda ya san kalmar sirrin akwatin saƙonmu, babu wanda ya san da wa aka yi maganar aron aji. Ƙauna ce ta sa ya rungume komai, kuma rungumar ta kusa kashe abin da yake ƙauna. Guido van Rossum, ɗan Holand da ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na Python, ya kusa shekara talatin yana da maganar ƙarshe a kansa, har ya sauka a 2018 bayan wata taƙaddama, sai a 2019 suka koma zaɓen kwamitin mutum biyar. Rashin neman kujera bai isa ya nuna mutum zai iya sakinta ba, kuma sau da yawa wanda bai nema ba shi ne ba a jin nauyin barinsa a kai har abada.

Saboda haka a Asabar ta uku na miƙe, gabana yana faɗuwa fiye da ranar da na fara magana kai tsaye a rediyo, na ce, "Malam, ƴan'uwa, ni ina son wannan aiki. Ba wanda ya sa ni. Na ma so in sa Haruna ya ambace ni, na fasa." Aka yi dariya, Haruna ya rufe fuska. Na kawo shawara huɗu kafin a yi zaɓe: wa'adi shekara ɗaya kuma kada mutum ya wuce biyu a jere, ƙuri'a a asirce, gurbin "babu ko ɗaya" a takarda, sannan kuɗi da kalmomin sirri su kasance a hannun mutum biyu. Aka amince, aka kuma ba Zainabu ma'aji ba tare da hamayya ba, bayan ita ma ta ce, "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ni ma na iya, kuma ina so."

Sauran matsala ɗaya, ita ce muryata. Sana'ata ke nan. Na san inda ake jan numfashi, na san inda ake sassauta murya don magana ta shiga, kuma na san mutane sukan ɗauka wanda ya iya faɗa shi ya iya yi. In aka ce ni da Lawali kowa ya tashi ya yi minti biyar, an gama zaɓe kafin a raba takardu, kuma abin da za a auna ba shi ne abin da ƙungiya ke bukata ba. Neman abu a fili bai wanke mutum ba in makamin da ya riƙe ya fi ƙarfin abokin karawarsa ta hanyar da ba ta shafi aikin ba. Sai na ce kowannenmu ya rubuta shafi ɗaya, Zainabu ta karanta duka biyun da muryarta, kuma na yi alkawarin ba zan ambaci ƙungiyar a shirina ba sai bayan zaɓe. Ba zan ɓoye ba, ko a lokacin wani ɓangare na zuciyata yana lissafin cewa wannan karamcin ma zai jawo mini ƙuri'a. Ban san yadda ake kankare irin wannan lissafi ba. Abin da na iya shi ne na yi abin da ya dace duk da shi.

Takardata ta cika shafi, da makarantu da wasiƙu da taron shekara. Ta Lawali layi shida ce. Ya ce zai buɗe aji ƙarfe huɗu ko da mutum ɗaya ne ya zo, zai koya wa mutum uku duk abin da ya sani don kada a dogara da shi, kuma zai gyara kwamfutoci biyu daga cikin shidan da suka mutu. Mutum talatin da ɗaya suka jefa ƙuri'a. Lawali 17, ni 13, ɗaya ya zaɓi babu ko ɗaya. Na tashi na rungume shi, na yi ƴar magana mai daɗi irin wadda na iya.

Asabar ta gaba ban je ba. Na ce aiki ya riƙe ni, kuma da gaske akwai aikin, amma irinsa bai taɓa hana ni zuwa ba a da. Ta bayanta ma ban je ba. Ina kwance ina ƙirga mutum goma sha bakwai, ina ƙoƙarin gane su waye, ina tuna wanda na taɓa yi wa sanarwar ɗaurin aure kyauta a rediyo. Har na fara gaya wa kaina cewa ƙungiyar ma ta yara ce. Duk abin da kawu ya so in gani a zaure ban gani ba, sai a waɗannan Asabar biyu na gan shi. Da makarantun ne kaɗai a raina, faɗuwa zaɓe ba ta rufe ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ranar wata Laraba ina fitowa daga ɗakin shiri na tarar da Lawali a bakin ƙofa a kan babur ɗinsa, yayyafi ya jiƙa masa riga. Ya daɗe kafin maganar ta fito. Ya ce, "Yaya Mamman, ranar manhaja mai ƴanci ta kusa, Asabar ta uku ga Satumba. Ina so mu gayyaci makarantu. Ni ban iya wasiƙa ba, kuma ka san ba zan iya tsayawa gaban mutane ba." Ya ciro takardata ta takara daga aljihu, a ninke, ya ja layi a ƙarƙashin abu uku. Bai tambaye ni dalilin rashin zuwana ba, kuma na san ya sani. A daren na rubuta wasiƙu bakwai, shi ya sa hannu a matsayin shugaba. Makarantu uku suka amsa. Ranar taron ni na riƙe makirufo, shi yana can baya da ɗalibai sun kewaye shi, yana sa musu Linux daga ƴar kile ɗinsa.

To, laifi ne mutum ya ce yana so? Inda na tsaya a yau shi ne, faɗin ba laifi ba ne, kuma ya fi ɓoyewa tsabta, muddin mutum ya faɗi abin da zai yi, ya yarda a ɗaure kujerar da ƙa'ida kafin ya san ko shi zai hau, kuma bai yi amfani da wani fifiko da bai shafi aikin ba. Amma ban yarda da masu cewa son ba shi da haɗari ba, don na ɗanɗana. Kuskuren da na yi shi ne zaton cewa da na furta shi a fili na gama da shi. Ban kuma yi nadamar tsayawa ba. Da ban tsaya ba, da an naɗa Lawali cikin shiru ba wa'adi ba ƙa'ida, da Zainabu ba ta buɗe baki ba, da ni kuma ina nan ina ɗaukar kaina mutumin da kujera ba ta dame shi ba.

Na koma wurin kawu na ba shi labari har da Asabar biyun. Ya yi murmushi ya ce, "Biyu kawai? Ka gode wa Allah, wasu shekara ashirin suke yi ba su koma ba."

A wurin aiki kuma na sauya tambayata. Na daina tambayar baƙo me ya sa ya fito, tunda na san amsar kuma na san yadda ake haɗa ta. Yanzu nakan ce, "In ba ka ci ba, wane aiki za mu same ka kana yi wa waɗannan mutane bayan wata guda?" Wasu sukan amsa nan take, wasu sukan yi shiru har in ji tsoron masu sauraro za su zaci tashar ce ta ɗauke. Ba na yi musu dariya in sun fita.

Wa'adin Lawali zai cika a damina mai zuwa. Kwamfutocin nan biyu sun tashi, ya kuma koya wa mutum biyu cikin ukun da ya yi alkawari. Haruna ya tambaye ni ko zan sake tsayawa, har ya ce in ina so shi zai ambace ni. Na ce masa ban yanke ba tukuna, amma ya bar wannan, in na yanke da bakina za su ji. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.